Wa ke zana taswirar wasannin da yaranmu ke bugawa?



Duk wasan bidiyon da yaranmu ke bugawa a salula ko PlayStation, akwai masu zana taswirarsa, su ke zaɓar inda dutse zai tsaya da inda hanya za ta ƙare. Kamar tela suke: idan kuɗi ko lokaci ya gaza, sai almakashi. A wasan Metal Gear Solid V na 2015, an fara gina babi na 51, mai ƙarasa labarin yara 'yan bindiga, amma aka fitar da wasan babu shi.

Wannan yankan na uzuri ne. Wanda ke ci mini rai shi ne yadda ake yanke mu tun wajen zane. Far Cry 2 na kamfanin Ubisoft, a 2008, ya shimfiɗa hamada da daji da zazzaɓin cizon sauro da yaƙin basasa, ya ce Afirka ce, ƙasar ko suna ba ta da shi. Ina rumbun hatsi? Ina makiyayan kwarin Tarka da ranar kasuwa?

Ba abin da ya gagara ba ne. A Kamaru, Kiro'o Games sun fitar da wasan Aurion a 2016, da duniyar da suka zana da kansu. Manhajar Godot ta ƙera wasanni kuwa kyauta ce.

Matasanmu masu hannun zane, ku fara da hanyar Maraɗi zuwa Dakwaro. Iyaye, ku ba su dama.