Kusa Daban, Haɗa Iyaka Daban: Jawabi ga Malaman Sifawa



Kalmomin Ingilishi biyu nake so mu duba yau: adjoining da adjacent. Ɗalibanmu kan fassara kowacce da "kusa", alhali akwai bambanci. Adjoining na nufin abu biyu sun haɗa iyaka, kamar Jihar Sakkwato da Kebbi, wadda aka cire daga jikinta a 1991. Adjacent kuwa ta fi faɗi. Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato, tana daura da garin Boɗinga, ko da yake gonaki sun shiga tsakani.

A darasin lissafi kuma ma'anarta takan ƙuntata: kusurwa biyu ba sa zama adjacent sai sun haɗa tsini ɗaya da layi ɗaya. Yaron da ya tsaya ga "kusa" zai zubar da maki a jarrabawar WAEC ko NECO.

Haka nan a takardar filin makaranta, kalma ɗaya ce kan nuna ko gonar maƙwabci ta taɓa iyakarmu. Shugabannin makarantu, a karanta a tsanake kafin a sa hannu.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.