Kyanwa da Faratanta: Jawabi ga Ɗalibai da Matasan Ma'aikata



Na san wasunku za su yi mamaki da na zo da zancen kyanwa. To, ku ba ni aron kunnuwanku, domin zancen ya taɓa rumbunmu, ya kuma taɓa lafiyarmu.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a Amurka, watau kai kyanwa wurin likitan dabbobi a cire mata farata don kada ta yage kujerun kushin. Ga shi yau matasanmu, da zarar sun kama aikin gwamnati sun ƙawata falo, sai su soma kiwon kyanwar ado. Kafin ɗabi'ar ta iso Yelwa ko Wara ko Shanga, ya kamata mu san abin da ta ƙunsa.

Farcen kyanwa daga jikin ƙashin ƙarshe na yatsa yake tsirowa. Saboda haka ba ya ciruwa har abada sai an guntule ƙashin, tamkar a datse wa mutum yatsa daga gaɓar ƙarshe. Yatsu goma ne a ƙafafunta na gaba, watau yanka goma ke nan. Alhali kuwa kyanwa a kan yatsunta take tafiya. Wadda aka yi wa haka takan yi ɗingishi, takan yi fama da ciwon baya, kana ta koma cizo, tun da ba ta da sauran makami sai haƙori. Shi ya sa dokar kula da dabbobi ta 2006 ta haramta wannan aiki a Ingila, Jihar Niyok ta hana shi a 2019, Jihar Merilan ta bi sahu a 2022. Ashe masu ɗabi'ar ma suna barinta.

Yanzu mu dawo gida. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya cinye gungaye da garuruwa, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa da Kambari. Har yau arzikin bakin tafkin nan bai wuce kifi banda da shinkafa da dawa da albasa ba. Duk inda aka tara kifi da hatsi kuwa, ɓera ya sami gida. Wa ke gadin ɗakin kifin Basarke idan dare ya tsala? Kyanwa, kuma da farata take aikin: da su take damƙe ɓera, da su take hawa bishiya ta tsere wa kare.

Bugu da ƙari, ɓera ba ɓarna kaɗai yake yi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa ta ƙasar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake shiga abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rigakafi, tare da rufe hatsi da tsabtace gida. Wanda ya guntule yatsun kyanwarsa saboda kujera, lalle garin neman gira ya rasa ido.

To, yaya za a yi da kujerar? Kyanwa ba don ƙeta take yaƙushi ba. Tana zubar da tsohon ɓawon farce ne, tana miƙa, tana barin ƙanshinta a wurin. Ku kafa mata guntun gungume, ku naɗe shi da igiyar rama, ku ajiye kusa da makwancinta. In ba ta fita farauta, a riƙa rage tsinin farcen kaɗan bayan mako biyu ko uku, ban da wurin da ya yi ja, domin nan jini yake.

'Yan'uwa, gobe ku ne malaman gona da na asibiti a Yauri da Ngaski da Shanga, kuma abin da mutane suka gani a gidajenku shi za su kwaikwaya. Kafinta na iya gyara kujerar da ta yage. Yatsan da aka guntule kuwa ba ya dawowa.