Abin da hannu ke ji: jawabi kan tsara jijjigar hannun gem

 

An ce in yi magana a kan jijjigar nan da hannun gem yake yi, wato abin da kuke riƙewa idan kuna buga ƙwallo a PlayStation. Na ga wasu sun yi murmushi da aka karanta taken. Ba laifi. Na san akwai wanda yake cewa a ransa, yanzu a biya wa mutum kuɗin makaranta da fam, ya zo Landan, ya ƙare a kan rawar roba? To, ku ba ni minti ashirin.

Bari in fara da harshenmu. Bature yana da kalma dabam ta abin da kunne ya ɗauka, da kalma dabam ta abin da fata ta ɗauka. Mu kuwa ɗaya ce: ji. Ka ji kiɗa, ka ji sanyi, ka ji ƙamshi, ka ji zafi, har ma ka ji Hausa. A wannan fanni, Bahaushe ne ya fi kusa da gaskiya, domin sauti da jijjiga abu guda ne, motsi ne na kai da komo. Idan ya bi ta iska ya shiga kunne mu ce ƙara, idan ya bi ta ƙarfe ko roba ya taɓa fata mu ce jijjiga. Duk wanda ya tsaya a tashar Baker Street, nan bayanmu, wadda ake aiki da ita tun 1863, ya san wani lokaci tafin ƙafarsa yakan ba shi labarin jirgi kafin idonsa ya gan shi.

A kan titin nan na Marylebone akwai Royal Academy of Music. A nan Evelyn Glennie ta yi karatu, makaɗiya 'yar Sikotland wadda ta kurumce tun tana shekara 12. Takan yi kiɗa ba takalmi, don ta riƙa jin sautin ta ƙafafunta da sauran jikinta. Ita ce ta jagoranci makaɗa kusan dubu a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012. Duk mai son ya koyi tsara jijjiga, ina ganin ya fi kyau ya fara da kallon yadda matar nan take tsayawa a gaban ganga kafin ya buɗe littafin injiniya.

To mene ne a cikin hannun gem ɗin? A 1997 kamfanin Nintendo ya fito da Rumble Pak, wani ɗan akwati mai batir da ake cusawa a hannun Nintendo 64, aka sayar da shi tare da wasan Star Fox 64. A ƙarshen shekarar Sony ya fito da DualShock a Japan. Dabarar ba ta da wuya. Kun san fankar sama idan fiffike ɗaya ya lanƙwashe, yadda take rawa kamar za ta faɗo? Shi ke nan. Ɗan inji ne mai juyawa, aka maƙala masa ƙarfe mai nauyi a gefe ɗaya da gangan, don in ya juya ya yi ta fizgar kansa. DualShock yana da biyu, babba a hagu mai rugugi, ƙarami a dama mai zuuu kamar na ƙudan zuma.

Wannan inji yana da aibi biyu. Na farko, ƙarfinsa da saurinsa a ɗaure suke. In kana son jijjiga mai ƙarfi dole ya juya da sauri, in ka rage sauri ƙarfi ya tafi. Ba za ka iya samun mai nauyi a hankali ba, ko mai sauri amma a tausashe. Na biyu, yana da nawa. Sai ya ɗauki lokaci kafin ya tashi, in an kashe shi kuma sai ya ɗan ci gaba da juyi, kamar injin niƙa bayan an zare wuta. Shi ya sa a tsofaffin wasanni harbin bindiga da karon mota da faɗowa daga bene duk kusan ɗanɗanonsu ɗaya a hannu.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne a kasuwa. Wani kamfanin Amurka mai suna Immersion ya kai Sony da Microsoft kotu a 2002 kan haƙƙin mallakar wannan fasaha. Microsoft ya sasanta, Sony ya tsaya, a 2004 aka yanke masa biyan dala miliyan 82. Da PlayStation 3 ya fito a 2006, hannunsa ba ya jijjiga ko kaɗan, sai bayan an sasanta a 2007 aka mayar da ita. Masu karanta shari'a a cikinku, kun ji, ku ma akwai rabonku.

Abin da ya sauya komai shi ne barin juyi a koma kai da komo. Nintendo Switch na 2017 ya zo da wannan, har akwai wani ɗan wasa a cikin 1-2-Switch inda za ka karkata hannun a hankali ka ƙirga ƙwallaye nawa ne suke gangarawa a ciki, alhali babu ƙwallo ko ɗaya. Sannan DualSense na PlayStation 5 a 2020. Abin da ke cikinsa ɗan uwan sifika ne, naɗin waya da maganaɗisu, yana tashi nan take ya tsaya nan take. Kuma abin da ake tura masa sauti ne. In ka jona shi da kwamfuta, za ta gan shi a matsayin na'urar sauti mai layi huɗu, biyu daga ciki su ne na jijjigar hagu da dama. Wato mai tsara jijjiga a yau yana zaune ne a gaban manhajar haɗa sauti, yana shirya kiɗan da tafin hannu zai saurara.

Nan ne aikin yake, kuma nan nake so mu daɗe. A ce an ba ka wani yaro a cikin wasa, yana tafiya daga kan kwalta, ya shiga yashi, ya faɗa taɓo. Dole mai wasa ya gane inda yake ko da ya rufe ido. Kwalta za ka ba ta bugu gajere mai kaifi, ƙwas, ya yanke. Yashi ba shi da kaifi, sai ka ba shi ɗan shuu mai laushi da yake shuɗewa a hankali. Taɓo kuwa nauyi ne a ƙasa-ƙasa, da ɗan jinkiri wajen ɗaga ƙafa, kamar yana riƙe ka. Ƙafar hagu a hannun hagu, ta dama a dama. Wanda ya buga Astro's Playroom ya san abin da nake nufi, ko ɗigon ruwan sama a Returnal, wanda kamfanin Housemarque na Finland ya fitar a 2021.

Fata kuma ba kunne ba ce. Akwai wasu jijiyoyi a cikinta da suka fi kama jijjiga mai kai da komo kusan sau 250 a sakan ɗaya. In ka haura sama da haka sosai, kunne zai ci gaba da ji, hannu kuwa ya daina. Sannan fata tana sabo da wuri. Duk wanda ya yi doguwar tafiya a kan babur ya san bayan ɗan lokaci ba ya ma lura da rawar inji, sai an tsaya. Saboda haka mai koyo, da zarar an ba shi wannan kayan aiki, sai ya sa komai ya yi ta rawa, kofa ta yi, tafiya ta yi, iska ta yi. Kafin minti goma hannu ya gaji, batir ya zube, lokacin da babban bugu ya zo kuma ba wanda ya ji shi. Gwani yakan yi shiru gab da bugun. A ganina rabin aikin nan sanin inda za ka cire ne.

Kun taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a filin dambe? Yana matse tsirkiya a hammata sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, har ganga ta faɗi magana. Kowane ɗan dambe da takensa, yana ji daga nesa ya san da shi ake. Tambari na sarki ne, dundufa ta maƙera, ba mai rikita su. Abin da mai tsara jijjiga yake nema ke nan: kowane al'amari a cikin wasa ya sami takensa, gajere, wanda hannu zai haddace ba tare da an koya masa ba. Mu da muka tashi da harshe mai karin sama da na ƙasa, da dogon wasali da gajere, ba baƙi ba ne a wannan ɗaki. Ban ce kiɗa zai maye gurbin lissafi ba. Sai ka iya shirya manhaja, sai ka san ilimin sigina. Amma yawancin waɗanda suka iya waɗannan, abin da suke rasawa shi ne kunnen.

Wani zai ce, duk dai wasa ne. To, a The Last of Us Part I na 2022 an sa zaɓin da yake mayar da maganar 'yan wasa jijjiga, don kurma mai karanta rubutun ƙasa ya ji a hannunsa ko ihu ake yi ko raɗa. Madannin tsakiya na iPhone 7 ba ya nutsewa ko kaɗan, jijjiga ce take gaya wa yatsa cewa ya danna. Akwai kuma ɓangaren lafiya. A 2002 likitoci a Libaful sun ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 15 da hannuwansa suka kamu da irin ciwon masu aiki da injin fasa kwalta, saboda yana kai awa bakwai a rana da hannun gem mai jijjiga. Don haka maɓallin ragewa da na kashewa wajibi ne a duk abin da kuka tsara.

Game da aiki, ba zan yi muku romon baka ba. Sony ya rufe ɗakin ƙera wasanninsa na Landan a 2024, wanda yake can Soho, tafiyar ƙafa daga nan. Masana'antar wasanni tana sallamar mutane. Amma ilimin taɓawa bai tsaya a wasa ba, ana nemansa a waya da agogo da mota da na'urorin koyar da tiyata.

Sai dai tambayar da na fi so ku tafi da ita ta gida ce. Yaron da ke gidan gem a Fagge ko Sabon Gari, sau da yawa hannun da yake riƙe da shi tsoho ne, an sha gyara shi, wataƙila ma inji ɗaya ya mutu. Wayoyi masu araha da ke aljihun mutanenmu, yawancinsu irin injin nan mai juyi ne a ciki, mai nawa. Makaho a Kasuwar Kurmi da ya tura kuɗi ta waya, cikin hayaniyar da ba a jin ƙarar komai, ta yaya hannunsa zai bambance kuɗi sun tafi da kuɗi sun maƙale? Da injin da ba ya iya komai sai kunnawa da kashewa, abin da ya rage maka tsawo da gajarta da tazara ne kawai. Su ne kuma kayan aikin makaɗi.

Wanda yake son gwadawa, ba sai ya sayi komai ba. Wayar Android da ke hannunka tana karɓar umarnin jijjiga daga shafin intanet da 'yan layuka kaɗan. Ka tsara take huɗu: na'am, a'a, dakata, hatsari. Ka miƙa wa abokin ɗakinka wayar, ya rufe ido, kada ka gaya masa komai, ka ga nawa zai canka. In ya rikita biyu, ka koma ka gyara su.

Shugaba ya ɗaga mini hannu, lokaci ya yi. Na kawo hannun gem biyu, tsoho da sabo, suna kan tebur a baya, bayan sallar Magariba kowa ya zo ya riƙe.