Jawabin Yaye Ɗalibai a Nasarawa Gwom: Awon Nauyin Mutum a Cikin Jama'a



A shekarar 1958 ƙasashe 6 suka fara zaman ƙungiyar kasuwar Turai. Faransa, Jamus ta Yamma da Italiya kowace ta sami ƙuri'a 4, Beljiyam da Holan 2-2, Lukzambur 1. Sai an tara 12 kafin shawara ta tabbata. Duk yadda aka juya lissafin, ƙuri'ar Lukzambur ba ta taɓa zama raba-gardama, domin na sauran duk biyu-biyu suke tafiya. Kujera dai tana da ita, amma babu nauyi.

Abin da ke tona irin wannan shi ne ilimin lissafin dabarun wasa, mai nazarin yadda takun wani ke sauya takun wani, kamar a dara. A 1953 Lloyd Shapley, Ba'amurken da ya ci kyautar Nobel a 2012, ya kawo ma'auni: a duba abin da mutum yake ƙarawa duk lokacin da ya shiga wani rukuni. A 1977 Roger Myerson ya sako tambayar wa ya san wa.

Ɗan Jos ba ya buƙatar allo kafin ya gane wannan. A kasuwar Farin Gada ga manomi da kwandunan tumatir, ga mai saye daga Kudu, ba su san juna ba. Dillali ba shi da gona, ba shi da jari. Amma muddin sai ta hannunsa za a ce "sallama", lissafin Myerson yana ba shi sulusin amfanin cinikin, daidai da kowannensu.

Unguwar nan ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan masu haɗa mutane irin dillali suka yi ƙaranci, musamman a rikicin Janairun 2010. Unguwar Dadin Kowa kuwa ta tsira a lokacin, kuma binciken Jana Krause ya nuna rawar dattawa da matan da ke da baki a wajen Musulmi da Kirista baki ɗaya. Yawancinsu ba su da sarauta, abin da ya kamata masu rabon muƙami su tsaya su duba.

Cikin ɗaliban nan akwai masu abokai a Angwan Rukuba da Dutse Uku, masu jin Hausa da yaren maƙwabta. Iyaye su bar musu wannan zumunci. Allah Ya sa albarka a karatunsu.