Jawabin Shugaban Makaranta a Bikin Yaye Ɗalibai da Ƙaddamar da Na'urar Rarrabe Sulalla, Wurno

 

Al'adarmu ce a irin wannan rana shugaba ya bayyana sakamakon jarrabawa ya yi wa ɗalibai nasiha, amma a bana na nemi izinin malamai in tsaya a kan akwatin katakon nan da ke gabanku, wanda 'yan ajin ƙarshe suka ƙera da falanki da kwali da gwangwanayen madara da ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset, domin a ganina babu wata takardar shaida da za mu miƙa yau da ta fi shi bayyana abin da yaran nan suka koya.

Aikinsa shi ne a zuba masa sulalla a cakuɗe, ya ware kowane iri a gwangwaninsa. Hikimarsa kuwa ita ce hikimar rariyar da iyayenmu mata ke tankaɗe da ita: allo ne mai gangara, an jera masa ramuka daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi faɗi, sai ƙaramin kwabo ya faɗa ramin farko, babba ya haye shi ya gangara har ya iske daidai da shi. A baki abin da sauƙi. Amma na ga yaran nan sun rushe aikinsu har sau uku, domin idan gangarar ta yi tsanani kwabo ya tsallake raminsa, idan ta yi kwance ya tsaya cik, idan biyu suka hau juna ƙarami ya laɓe a bayan babba su wuce tare. Wata rana bayan la'asar na tarar da wata ɗaliba durƙushe da reza da ma'auni, tana kankare bakin rami da kaɗan kaɗan, ta gwada, ta sake kankarewa, saboda bambancin da bai kai kaurin farce ba; na tsaya a bayanta tsawon lokaci ba ta san na shigo ba.

Na san akwai mai tambaya a ransa, me amfanin na'urar sulalla a ƙasar da aka daina ciniki da su? Tambaya ce ta haƙƙi. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da kwabo 50 da naira 1 da naira 2 na ƙarfe a 2007, tsadar kaya ta rinjaye su, har yau ba mai albasa a kasuwar Goronyo da zai karɓe su. Don samun sulallan gwaji, sai da yaran suka bi gida gida, tsofaffi suka kwance ƙullin da suka daɗe da ajiyewa, aka fito da anini da ɗari da kwabo mai huji na zamanin Turawa, da taro da sisi da sule da suka yi aiki kafin naira ta zo a 1973, har da sefar da 'yan kasuwarmu ke dawowa da ita daga Ƙonni da Maraɗi, inda sulalla ke nan da ransu. Wata tsohuwa ta bi jikanta har makaranta don ta tabbata za a mayar mata da aninanta, kuma an mayar.

Amsata ita ce, wahalar da na'urar nan ke magani tsohuwa ce a wannan ƙasa, kuma ilimin da ta koyar ya wuce sulalla. Kakanninmu da wuri suke ciniki, suna zube shi a tabarma suna ja biyar biyar da yatsu har a cika keso na zambar ashirin, kuma Bature matafiyin nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya sauka a garin nan a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta irin gajiyar wannan ƙidaya a ƙasar Hausa. Wanda ya zauna ya yi tunanin yadda katako zai ɗauke wa ɗan Adam gajiya, ya auna, ya kuskure, ya gyara, to ya shiga fannin da magabata suka kira ilmul hiyal, wanda 'ya'yan Musa uku suka wallafa littafi a kansa a Bagadaza, Aljazari kuma ya kammala nasa a 1206 yana bayanin agogon ruwa da na'urorin ɗaga ruwa. Kada wani ya ce mana wannan baƙon ilimi ne.

Balle a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, ya zauna, ya rasu a 1837, hubbarensa kuma yana nan kusa da mu. Shi ne a cikin Usulus Siyasa ya hori shugaba da ya raya masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina, ya kuma wadata kowane gari da su. Mun gaji karatunsa muna alfahari, amma, in faɗi gaskiya da ladabi, mun yi sakaci da wannan wasiyya, har ya zama injin ban ruwa ya lalace a fadama, shinkafa tana ƙishi, ana jiran mai gyara daga Sakkwato, alhali ga madatsar ruwan Goronyo a ƙofarmu.

Ya ku ɗalibai da ake yayewa, yatsun da suka daidaita ramin kwabo su muke sa rai su daidaita mana mashin ɗin ware albasa da tafarnuwa bisa girma, da na sussukar shinkafa. Ku kuma iyayen ƙasa da masu hali, roƙona ɗaya ne: ku taimaka mana da ɗaki guda da teburin aiki da zarto da ma'aunai, maƙera da kafintocin garin nan kuma su riƙa ba mu yini ɗaya a wata, su zo su zauna da yaran nan.

 Yanzu ina roƙon uban taro, ranka ya daɗe, ka matso ka zuba sulallan farko da hannunka.