Namun Daji Ma Suna Bukatar Burtali

Duk wanda ya tsaya yau a dandalin Abbasiya, a birnin Alƙahira, cikin hayaniyar motoci da cunkoson ɗalibai masu shiga Jami'ar Ain Shams, da wuya ya yarda cewa wurin nan a dā bakin hamada ne. A shekarar 1849 ne Abbas Pasha, mai mulkin Masar, ya kafa fada da barikin soja a cikin rairayi, unguwar ta ci sunansa. A zamanin nan, daga bayan gari har zuwa Suwes fili ne fetal, ƙasar barewa.

Sannu a hankali birni ya bi hamada yana ci. Aka gina Misrul Jadida a farkon ƙarni na 20, aka gina Madinat Nasr a shekarun 1960, sa'an nan Sabuwar Alƙahira a shekarar 2000. Gwamnatin Masar ba ta yi sake ba ɗungum, domin ta kafa dokar kare gandun daji a 1983, ta kuma keɓe kwarin Wadi Digla, kusa da Ma'adi, a 1999. Amma faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 60 ne kawai, ga tituna da gine-gine da wuraren fasa dutse sun matse shi. To, a nan tambaya ta ke: shin keɓe wuri kaɗai ya isa ya raya dabba?

Masana sun ce bai isa ba, dalili kuwa shi ne halin ƙasa mai ƙarancin ruwa. Ruwan sama a irin wannan ƙasa ba ya da alkawari. Ya zuba nan bana, baɗi ya zuba can. Dabbar da ke zaune a ciki tilas ta bi ciyawa inda ta tsiro. In aka tsare mata hanya, fari guda na iya ƙare garke, kuma babu wani garken da zai zo daga nesa ya maye gurbinsa. Har ila yau, 'yan tsirarun da suka rage sai su dinga barbara a tsakaninsu, jini ya raunana, cuta ta sami ƙofa. Makiyayi ya riga kowa sanin wannan, shi ya sa tun kaka da kakanni a ke barin burtali tsakanin gonaki, daga makiyaya zuwa mashaya.

A Kudancin Amurka akwai wata dabba, gwanako, 'yar uwar raƙumi ce amma ba ta da tozo. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu kiwon tumaki suka yanyanka filayen Patagoniya da shingen waya. 'Ya'yan gwanako kan sarƙe a waya wajen tsallakewa su mutu, a yankin Chako na Bolibiya da Faragwai kuwa waɗanda suka rage ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. A Fabrairun 2024, a taron Samarkand, aka saka ta cikin jerin dabbobi masu ƙaura waɗanda ƙasashe za su haɗa kai su kare.

Misali mafi kusa da gida shi ne raƙumin dawa na Jamhuriyar Nijar. A dā ana samun irinsa daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi, amma a 1996 guda 49 kacal suka rage, duka a wajejen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Da damina suna kiwo a kan tudu, da rani su gangara Dallol Bosso su ci ganyen gawo, itacen da ke yin ganye sa'ad da sauran suka kaɗe. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka tsaya musu, sai da yawansu ya haura 600. Duk da haka suna wuri guda ne, tsakanin gonaki da babbar hanyar Yamai zuwa Doso. Saboda haka a Nuwamban 2018 aka ɗauki guda 8 a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, zuwa gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace kusan shekara 50 da suka wuce. Watau tafiyar da kakanninsu ke yi da ƙafa, yanzu sai da injin da kuɗi masu yawa.

Darasin a fili ya ke. Barin hanya tun kafin a shata titi ya fi sauƙi bisa ga ɗaukar dabba a mota. Ana iya gina mashigi a ƙarƙashin kwalta, a rage tsawon shinge, a bar kwari da itatuwansa yadda su ke. Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma in aka toshe musu hanya gaba da baya, da ita da ɗan babu mai gudu.