Jawabi Kan 'Yan Ginshiƙan Barandar Makarantarmu

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu malamai, shugaban ƙungiya da 'yan'uwa baki ɗaya.

An ce in yi bayani kan 'yan ginshiƙan nan da ake jerawa a bakin baranda da gefen matakala, waɗanda magina ke kira balasta, tunda aikin benen Islamiyyarmu ya iso kansu. Kalmar daga Italiya ta fito, daga sunan furen rumman, saboda siffarsu ta yi kama da shi: ciki ya kumbura, wuya ya tsuke, kamar tulu. Can aka yayata su a ƙarni na 15.

To, yaya aka yi suka zo nan ƙasar Yarabawa? A ƙarni na 19 'yantattun bayi suka komo Ikko daga Burazil, da yawansu magina ne da kafintoci, har da Musulmi a cikinsu. Su suka kawo wannan fasalin gini. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 irin aikinsu ne. Da kuɗin koko ya shigo, sai fasalin ya bazu zuwa Ibadan da Abekuta da Ijebu. Mu a gida zanko muka sani da rawanin soro, shi ya sa da yawanmu ke ɗaukar balasta ado ne kawai.

Ba ado ba ne kawai, jama'a. Aikinsa na farko shi ne ya ɗauki dogarin da ake dafawa, ya kuma tare mutum kada ya faɗo. Na ji ana cewa a rage yawansu, a buɗe tsakani don a rage siminti. Wallahi ban goyi bayan wannan ba. Ƙa'idar gini a Ingila da Amurka ita ce kada tsakanin ya kai yadda ƙwallo mai faɗin inci 4, wato wajen santimita 10, zai wuce. Dalili kuwa yaro ne: jikinsa kan zurare ta ƙafa, kai ya maƙale. Kuma a lura, tunda abin kamar tulu yake, a wuya ake awo, inda tsakanin ya fi faɗi, ba a ciki ba. Nan ne ake yawan ruɗin mai gini.

Sai batun rodi. Kowane ɗaya sai da rodi a cikinsa, ya kama daɓen ƙasa, ya kama dogarin sama. In siminti bai rufe shi sosai ba, ruwan saman kudu zai sa ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa ginin. Duk mun ga irinsu a tsofaffin benaye.

Saboda haka ina roƙon kwamitin gini, kafin a biya magini, mutum biyu su hau da tef su auna ɗaya bayan ɗaya. Yara sama da ƙasa za su yi ta yi a wurin nan. Ni zan kawo tef ɗin ranar Asabar, in Allah ya yarda.